Werner Forssmann, Likitan da ya Zura Roba Cikin Zuciyarsa

Duk wanda ya ɗora yatsa a wuyan hannunsa zai ji jijiya tana harbawa. Ga baligi mai lafiya, in yana hutawa, takan harba sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Wata 'yar wutar lantarki da zuciya ke samarwa da kanta ita ke tsara wannan bugu. Wani lokaci sai wani ɗan wuri a cikin zuciyar ya riƙa sakin wuta ba bisa ƙa'ida ba, bugun ya rikice, mutum ya yi ta jin faɗuwar gaba da jiri da haki. Wani irin ma yakan sa jini ya dunƙule, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. A yau likitoci sukan zura siririyar roba mai waya ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, su lalubo wurin da ke ɓarnar, su ƙone shi ko su kashe shi da tsananin sanyi, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Wanda ya buɗe wannan hanya wani Bajamushe ne, kuma a jikinsa ya fara gwadawa.

An haifi Werner Forssmann a birnin Berlin na ƙasar Jamus ran 29 ga watan Agusta, 1904. Mahaifinsa ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi kuwa ya yi karatun likita a jami'ar Berlin. A 1929 ya kama aiki a wani asibiti a garin Eberswalde, yana ƙaramin likita a sashen tiyata.

A zamanin nan likitoci sun ɗauka duk abin da ya taɓa cikin zuciyar mai rai, to, ajali ya zo. Amma Forssmann ya taɓa ganin zanen aikin wasu Faransawa biyu, Chauveau da Marey, waɗanda suka zura bututu cikin zuciyar doki ta jijiyar wuya, dokin yana tsaye bai faɗi ba. Sai ya ga in doki ya jure, mutum ma zai jure, kuma ta nan za a iya kai magani zuciya kai tsaye in rai ya yi halinsa. Shugabansa, Dokta Schneider, ya hana shi.

Bai hanu ba. Ya shawo kan wata nas mai suna Gerda Ditzen, wadda kayan tiyata ke hannunta. Ta yarda, amma bisa sharaɗin a jikinta za a yi. Ya kwantar da ita a gadon tiyata, ya ɗaure mata hannu da ƙafa kamar da gaske, sannan ya zagaya inda ba ta ganinsa, ya yi wa gwiwar hannunsa ta hagu allurar kashe zafi, ya tsaga jijiya, ya tura robar fitsari a ciki. Da ta farga aikin gama ya gama. Ya kwance ta, suka taka da ƙafa zuwa ɗakin ɗaukar hoto, roba tana reto a hannunsa. Can ya ci gaba da turawa yana duba madubi, har kimanin santimita 65 suka shige, bakin robar ya isa ɗakin zuciya na dama, aka ɗauki hoto. Mai karatu ya auna wannan tsawo da rular aji ya gani. A lokacin bai wuce shekara 25 ba.

Ya buga labarin a mujallar likitoci cikin Nuwamba 1929. Maimakon yabo sai tsangwama. Babban likitan tiyata Sauerbruch, na asibitin Charité a Berlin, ya ɗauki abin wasan 'yan dabo, ya sallame shi. Daga baya Forssmann ya bar binciken zuciya, ya koma likitan mafitsara.

Akwai tabo a tarihinsa wanda bai kamata a ɓoye ba. A 1932 ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitler, tun kafin ta hau mulki, ya zauna a cikinta har 1945. Ya yi likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa suka kama shi fursuna. Da aka sake shi ya yi sana'ar saran itace, sannan ya zama likitan ƙauye tare da matarsa Elsbet, ita ma likita ce.

Ashe a New York wasu likitoci biyu, André Cournand da Dickinson Richards, sun karanta rubutunsa, sun gyara dabarar, suna auna zukatan marasa lafiya da ita tun 1941. A 1956 aka ba su ukun kyautar Nobel. Forssmann ya rasu ran 1 ga Yuni, 1979, kuma ciwon zuciya ne ajalinsa. Bayan shekara biyu, a 1981, Dokta Melvin Scheinman na San Francisco ya fara amfani da irin wannan roba ya ƙone hanyar wuta a zuciyar wani majinyaci don daidaita bugunta.