Siad Barre: Shugaban Somaliya da ya mamaye Habasha, ya ƙare rayuwarsa a Legas

Da wuya a sami lokacin da Janar Mohamed Siad Barre ya yi farin jini a wajen mutanensa kamar watan Satumban 1977. A watan ne sojojin Somaliya suka kama garin Jijiga da ke cikin ƙasar Habasha, bayan sun riga sun mamaye kusan kashi 90 cikin 100 na yankin Ogaden. Wata shida bayan nan aka koro su, kuma daga ranar mulkinsa bai sake zama daidai ba.

Siad Barre ɗan ƙabilar Marehan ne, mahaifiyarsa kuma 'yar ƙabilar Ogaden, wato mutanen da yankin da aka yi yaƙin a kansa ya samo suna daga gare su. Ya taso maraya yana kiwo, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a zamanin mulkin mallaka. A shekarun 1950 aka tura shi horo Italiya. Da Somaliya ta sami 'yancin kai a 1960 sai ya zama mataimakin kwamandan sojojinta, ya hau kujerar kwamanda a 1965. Mutanensa sun fi saninsa da laƙabin Afweyne, ma'ana mai babban baki.

Ranar 15 ga Oktoban 1969 wani ɗan sanda ya harbe Shugaba Abdirashid Ali Shermarke a garin Las Anod. Kwana shida bayan haka sojoji suka karɓe mulki ba tare da zubar da jini ba, Siad Barre na kan gaba.

Shekarunsa na farko sun bar abin da ko maƙiyansa ba sa musantawa. A 1972 gwamnatinsa ta tsayar da rubutun boko a matsayin hanyar rubuta harshen Somaliyanci, bayan an daɗe ana jayayya a kai, sannan ta tura ɗalibai ƙauyuka da rugage don yaƙi da jahilci. Amma shi ne kuma ya sa aka harbe malaman addini 10 a Janairun 1975, saboda sun yi wa sabuwar dokar iyali raddi a masallatai. Ya rungumi tsarin gurguzu, ya ƙulla yarjejeniyar abota da Tarayyar Sobiyet a 1974, ita kuma ta cika shi da tankokin yaƙi da jiragen MiG, ta sami wurin ajiye jiragen ruwanta a Berbera.

Tauraro mai tsini biyar

Wanda zai fahimci dalilin yaƙin sai ya dubi tutar Somaliya. Tauraron da ke tsakiyarta yana da tsini biyar, kowanne na wakiltar wani yanki da Somaliyawa ke zaune: wanda Italiya ta mulka, da wanda Birtaniya ta mulka, da Jibuti, da arewa maso gabashin Kenya, da Ogaden. Biyu ne kawai suka haɗu a 1960. Sauran ukun sun zama buri da ake koya wa yara a makaranta.

Ogaden ya fi sauran zafi a zuciyar jama'a. Menelik na Biyu, wanda daga baya ya zama Sarkin Habasha, ya ci birnin Harar da yaƙi a 1887, daga nan ikonsa ya bazu zuwa filayen makiyayan Somaliyawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta riƙe yankin na ɗan lokaci, sannan ta mayar wa Habasha a 1948, ta biyo da makiyayar Haud a tsakiyar shekarun 1950. Makiyayin da raƙumansa ke shan ruwa a wani gefen iyaka su yi kiwo a ɗaya gefen bai ɗauki wannan layi a bakin komai ba. Saboda haka Siad Barre bai ƙirƙiri wannan ƙorafi ba, gadonsa ya yi. Ƙasashen biyu ma sun riga sun gwabza a kan iyaka tun 1964.

Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa shi ne halin da Habasha ta shiga. An tumɓuke Sarki Haile Selassie a 1974, sojojin da suka gaje shi suna kashe junansu, 'yan tawayen Eritiriya na ƙwace garuruwa, dangantaka da Amurka kuma ta lalace bayan Mengistu Haile Mariam ya kama ragamar mulki a Fabrairun 1977. A lissafin Mogadishu, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu.

A nan ne kuma lissafin ya sami ɓaraka. Mengistu ma ya juya zuwa Mosko, ga shi Habasha ta ninka Somaliya yawan jama'a sau da dama. A watan Maris na 1977 Fidel Castro na Kyuba ya haɗa shugabannin biyu a birnin Aden, ya kawo shawarar a kafa tarayyar ƙasashen gurguzu a yankin. Siad Barre ya ƙi. Ya zaɓi ya shiga yaƙi da makaman da ƙasar da ta ba shi su ke shirin komawa bayan abokin gabarsa.

A watan Yuli sojojin Somaliya suka tsallaka iyaka, gwamnati na cewa mayaƙan ƙungiyar WSLF ta 'yan yankin ne kawai ke yaƙin. Filayen Ogaden sun faɗi da sauri. Amma mabuɗin yaƙin yana kan tudu: Dire Dawa, inda layin dogo daga Addis Ababa zuwa Jibuti ya ratsa, da kuma Harar. Harin da aka kai Dire Dawa a watan Agusta bai yi nasara ba, jiragen F-5 na Habasha kuma suka mamaye sararin samaniya. Harar ta ƙi faɗuwa. Mengistu ya yi amfani da mamayar wajen tara dubban mayaƙan sa-kai daga ƙauyuka, har wasu da ba sa ƙaunar mulkinsa suka ɗauki bindiga don kare ƙasa.

A Afirka kuwa Somaliya ta tsinci kanta ita kaɗai. Tun taron Alƙahira na 1964 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, ta amince a bar iyakokin da aka gada yadda suke, domin kusan kowace ƙasa tana da nata Ogaden ɗin. Kwamitin sulhu na ƙungiyar, wanda Najeriya ke jagoranta, ya zauna a Libreville a Agustan 1977 ya jaddada wannan matsayi. Gwamnatin Jimmy Carter a Amurka, wadda ta nuna alamar za ta ba da makamai, ta janye da mamayar ta fito fili.

Ranar 13 ga Nuwamban 1977 Siad Barre ya soke yarjejeniyarsa da Sobiyet, ya kori mashawartanta na soja, ya yanke hulɗa da Kyuba. Matakin ya yi wa jama'a daɗi, amma ya kwance wa Mosko hannu. Cikin 'yan makonni jiragen sama suka yi ta sauke makamai a Habasha, sojojin Kyuba sama da 10,000 suka iso, Janar Vasily Petrov na Sobiyet ya shiga tsara yaƙin. Jijiga ta koma hannun Habasha ranar 5 ga Maris na 1978, kwana huɗu bayan nan Somaliya ta sanar da janye sojojinta.

Abin da ya biyo baya a gida

Wata guda kacal da janyewar, ranar 9 ga Afrilu, wasu hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki. An murƙushe su, aka kashe 17 daga baya. Kanar Abdullahi Yusuf Ahmed ya tsere, ya kafa ƙungiyar tawaye, kuma a Habasha ya sami mafaka. A 1981 aka kafa ƙungiyar SNM a Landan, akasarinta 'yan ƙabilar Isaaq na arewa, waɗanda ke ƙorafin cewa gwamnati ta fifita dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Ogaden da aka zaunar a yankinsu. Ita ma Habasha ce ta ba ta sansani.

Mutumin da ya taɓa haramta ambaton ƙabila sai ya koma ya jingina da danginsa na kusa. Burin Ogaden shi ne igiyar da ta ɗaure ƙabilun Somaliya wuri guda, da ta tsinke kuwa kowa ya koma neman nasa.

A Afrilun 1988 ya sasanta da Mengistu, kowa ya yi alkawarin daina taimakon 'yan tawayen ɗan'uwansa. Mayaƙan SNM da suka rasa sansani sai suka afka wa Burao da Hargeisa. Martanin gwamnati shi ne babban tabo a tarihinsa: jiragen yaƙi suka riƙa tashi daga filin jirgin Hargeisa suna ruwan bama-bamai a kan birnin kansa. Dubban fararen hula suka mutu, dubban ɗaruruwa suka tsallaka zuwa Habasha neman tsira. A 1989 hatta hafsoshin ƙabilar Ogaden, waɗanda aka yi yaƙin da sunansu, sun yi masa bore.

A ƙarshen Janairun 1991 mayaƙan ƙungiyar USC suka kore shi daga Mogadishu. Ya koma yankin Gedo yana ƙoƙarin dawowa, sojojin Janar Mohamed Farah Aidid suka fatattake shi zuwa Kenya a Afrilun 1992. 'Yan majalisar Kenya suka nuna adawa da zamansa, sai Najeriya ta karɓe shi, a lokacin Janar Ibrahim Babangida na shugabancin OAU. Ya rasu a Legas ranar 2 ga Janairun 1995, aka kai gawarsa Garbaharey da ke Gedo aka binne.

Arewacin ƙasar ya riga ya ayyana ɓallewa da sunan Somaliland tun 18 ga Mayun 1991. Jijiga kuwa ita ce hedkwatar Jihar Somali ta ƙasar Habasha a yau.