TAƘAITACCEN TARIHIN BAWAN ALLAH ROWLAND BINGHAM (1872 – 1942)

Yayin da wannan ekklisiya take murnar cika shekara 50 da kafawa, ya dace mu dubi tushen itacen da muke zaune a inuwarsa, gama waiwaye adon tafiya ne. Allah ya aiko mana da bishara ta hannun mutane masu jiki da jini kamarmu, waɗansunsu kuwa da rayukansu suka biya. Ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah shi ne Rowland Victor Bingham, wanda ya shugabanci mishan na Sudan Interior Mission, wato SIM, uwar ekklisiyar ECWA. Mun zaɓi tarihinsa domin shi ma ya shirya wa jubili na shekara 50, ya rubuta godiyarsa ga Allah, amma Ubangiji ya kira shi gida tun ranar ba ta zo ba.

HAIHUWARSA DA TUBARSA

An haifi Rowland Bingham ranar 19 ga Disamba, 1872, a garin East Grinstead a kudancin ƙasar Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 13, saboda haka tun yana yaro ya san wahalar neman abin zaman gari. Yana da shekara 15 ya ji wa'azin ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto, ya tuba, ya karɓi Yesu Kristi ya zama Mai Cetonsa. Da ya kai shekara 16 sai ya ƙetare teku zuwa ƙasar Kanada. A can ya yi hidima cikin wannan ƙungiya na ɗan lokaci, daga baya kuma ya zama mataimakin wani pasto a birnin Toronto.

KIRA ZUWA ƘASAR SUDAN

A Toronto ne ya sadu da wata uwa mai tsoron Allah, Margaret Gowans. Wannan mata ta ba shi labarin ƙasar Sudan da miliyoyin mutanen da ke cikinta waɗanda ba su taɓa jin bishara ba. A wancan zamani idan Turawa suka ce Sudan, suna nufin dukan shimfiɗar ƙasa da ke kudu da hamadar Sahara, tun daga yammacin Afirka har zuwa kogin Nilu, har da ƙasar Hausa da Barno da Nufe da ƙasashen kan duwatsu. Ɗanta Walter Gowans ya riga ya tafi Ingila yana neman hanyar zuwa can. Maganar wannan uwa ta hana Bingham sakat, har ya yi alkawari zai bi Walter. Wani saurayi Ba'amurke daga birnin Buffalo mai suna Thomas Kent shi ma ya haɗu da su, suka zama su uku.

Sun nemi ƙungiyoyin mishan na lokacin su aike su, amma ba wadda ta yarda. Sai suka tattara ɗan abin da ke hannunsu, suka dogara ga Allah, suka shiga jirgin ruwa. Ranar 4 ga Disamba, 1893, suka sauka a Legas. Bingham bai cika shekara 21 ba tukuna. Wani babban ɗan mishan da suka tarar a can ya gargaɗe su cewa ba za su ga ƙasar Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai watakila jikokinsu. Ba don mugunta ya faɗi haka ba. Ya ga yadda zazzaɓi yake kashe Turawa a bakin teku, kuma a lokacin ba a riga an gano cewa sauro ne yake kawo cutar ba, sai a shekara ta 1897.

KABURBURA BIYU

Ba da jimawa ba zazzaɓi ya kayar da Bingham. Suka shirya ya zauna a Legas domin ya riƙa karɓar wasiƙu da kaya yana aika musu, su biyun kuma suka nufi arewa. Zamani ne na yaƙe-yaƙe da harin bayi, hanya ba lafiya, abinci da magani kuma sun yi musu ƙaranci. Walter Gowans ya kai har Girku a ƙasar Zazzau, a can ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu cikin watan Nuwamba, 1894. Thomas Kent kuma ya rasu a Bida cikin watan Disamba na wannan shekara. Shekara ɗaya ke nan da saukarsu, biyu suna kabari, ba a kafa tasha ko ɗaya ba, ba a kuma yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba.

A shekara ta 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ya kai wa Margaret Gowans 'yan kayan da ɗanta ya bari. Ya tafi da nufin ya yi mata ta'aziyya, sai ga shi ita ce ta ƙarfafa shi. Ta nuna masa cewa ta gwammace ɗanta ya mutu a ƙasar Sudan cikin biyayya ga Ubangiji da ya zauna lafiya a gida cikin rashin biyayya. Wannan uwa ba ta da wani abin duniya da za ta yi godiya dominsa a ranar nan. Abin da ta riƙe shi ne ɗanta na Kristi ne, kuma mutuwa ba ta iya ƙwace wannan ba. Ta ci gaba da addu'a domin ƙasarmu, ita da waɗansu 'yan'uwa da ta tara.

Shi kuwa Bingham, bangaskiyarsa ta jijjigu ƙwarai. Ya tafi Afirka yana ganin cewa wanda ya dogara ga Allah ba ya bukatar magani, sai ga abokansa masu bangaskiya sun mutu. Ya koma ga Littafi Mai Tsarki ya bincika, har ya gane cewa Allah bai yi wa bayinsa alkawarin ba za su yi ciwo ko su mutu ba, alkawarinsa shi ne zai kasance tare da su. Daga nan ya koyi ɗan aikin asibiti, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki a birnin New York, ya yi aikin pasto a wata ekklisiyar Baftis a garin Newburgh. A shekara ta 1898 ya auri Helen Blair, a shekarar kuma aka kafa majalisar da za ta kula da aikin mishan a Toronto.

TAFIYA TA BIYU DA TA UKU

A shekara ta 1900 Bingham ya sāke zuwa Legas tare da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sāke kama shi, aka ɗauke shi aka sa a jirgi aka mayar da shi gida. Samarin nan biyu suka karai, su ma suka biyo shi. Shekara bakwai ke nan, ba abin nunawa sai kaburbura biyu da kunyar komowa sau biyu hannu wofi. Da mutum ne mai auna alherin Allah da abin da ido yake gani, da nan ya tsaya.

Amma mahaƙurci mawadaci. A shekara ta 1901 aka aiko da mutum huɗu, a shekara ta 1902 kuma suka kafa tasha ta fari a Pategi a ƙasar Nufe, a bakin kogin Kwara. A wannan shekara ce Dokta Andrew Stirrett ya iso, wanda ya rabu da kantunansa na magani a Toronto ya ba da dukiyarsa ga aikin Ubangiji. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Shi ne ya dage a kan kowane ɗan mishan ya riƙa shan kwinin kullum, ta haka kuma mace-mace suka ragu. Daga Pategi aikin ya kai Wushishi a 1904, ya kai Egbe a ƙasar Yagba a 1908. A ƙasar Yagba aka yi baftisma ta fari a 1909, shekara 16 bayan saukar samarin nan uku a Legas.

AIKINSA DAGA NESA

Jikin Bingham bai yarda masa ya zauna a ƙasarmu ba, sai dai ya kawo ziyara ya koma. Wanda ya so ya zama mai shuka a gona, sai Allah ya mai da shi mai neman ma'aikata. Ya yi ta yawo cikin ekklisiyoyin Kanada da Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashe yana ba da labarin Sudan, yana kuma shirya wata mujallar Kirista da ta kai wannan kira gidaje masu yawa. Bai yi gunaguni a kan rabon da aka ba shi ba, ya riƙe shi da aminci har shekara 40.

Cikin waɗannan shekaru bishara ta shiga Karu da Kwoi da Miango da Kaltungo da Kagoro da wurare da yawa. A 1924 aikin ya ƙetara zuwa Damagaram a ƙasar Nijar, a 1927 kuma ya kai Habasha. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya jagoranta, Dokta Stirrett kuma yana cikin waɗanda suka taimaka. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a ƙasashen sarakunan arewa, amma wajen 1937 aka ba SIM kula da asibitocin kutare, kamar na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Waɗanda kowa yake ƙyama, su ne suka zama ƙofar hidima.

Abin da ya faru a Habasha ya isa a tuna. Sojojin Italiya suka ci ƙasar, a 1937 kuma aka tilasta wa 'yan mishan su bar yankin Wolaita. Masu bi da aka yi wa baftisma a can ba su kai ɗari ba, kuma ɗan kaɗan ne na Maganar Allah aka juya cikin harshensu. An tsananta musu, an ɗaure shugabanninsu, an yi musu bulala. Da 'yan mishan suka komo bayan an kori Italiyawa, sai suka tarar da masu bi dubbai. An kori ma'aikata, an ƙwace gidajen mishan, amma abin da Ruhu Mai Tsarki ya dasa a zuciya bai tumɓuku ba.

LITTAFIN JUBILI DA RASUWARSA

Da shekara ta 50 ta aikin ta kusato, Bingham ya zauna ya rubuta tarihin mishan ɗin. Ya sa wa littafin suna Seven Sevens of Years and a Jubilee, ma'ana shekara bakwai sau bakwai, sa'an nan jubili. Ya ɗauko wannan daga Littafin Firistoci sura 25, inda Allah ya umarci Isra'ilawa su ƙidaya shekara 49, su keɓe ta hamsin. A shekarar nan ake busa ƙaho a Ranar Kafara, a saki bayi, kowa kuma ya koma ga gādonsa. Bingham ya kasa tarihin kashi-kashi, shekara bakwai bakwai, bai kuwa ɓoye bakwai na fari ba, shekarun mutuwa da kāsawa. Ya lissafta su tare da sauran cikin abin da Allah ya yi.

Ranar 8 ga Disamba, 1942, ya yi barci cikin Ubangiji a Toronto, saura kwana 11 ya cika shekara 70, saura shekara ɗaya kuma a yi jubilin. A 1943 littafin ya fito. Ya bar ɗaruruwan 'yan mishan a bakin aiki, shi da aka ce ko 'ya'yansa ba za su ga Sudan ba.

ABIN DA YA DAWWAMA

Bingham bai ga kafuwar ECWA a 1954 ba. Bai ga ranar da SIM ta miƙa wa ECWA ragamar aiki a 1976 ba, bai kuma ga 'ya'yan ƙasa sun zama 'yan mishan a ƙarƙashin EMS suna kai bishara inda Bature bai taka ba. Jami'ar da aka kafa a 2005 da sunansa, wadda take Karu, bai san da ita ba. Cikin abubuwan da aka gina a zamaninsa kuma, da yawa sun shuɗe. Gwamnati ta karɓi makarantun mishan masu yawa a shekarun 1970, tsofaffin gidajen tasha na ƙasa sun rushe, waɗansu sun zama kufai. Amma Littafi Mai Tsarki yana hannunmu cikin harshen da muke ji. Gafarar zunubi da kakanninmu suka samu ita ce muka samu. Waɗannan su ne albarkun ruhaniya da Manzo Bulus ya yabi Allah dominsu a cikin Afisawa sura 1: an zaɓe mu, an mai da mu 'ya'ya, an fanshe mu da jinin Kristi, an kuma hatimce mu da Ruhu Mai Tsarki.

'Yan'uwa, a wannan biki za mu gode wa Allah domin ginin sujada, da gidan pasto, da yawan jama'a, daidai ne kuwa mu yi haka. Amma a cikinmu akwai gwauraye da marayu, akwai waɗanda tashin hankali ya raba da gonakinsu, akwai waɗanda suka shekara suna addu'a a kan ciwo bai tafi ba. Idan godiyarmu ta tsaya a kan abin da ake ƙirgawa, waɗannan 'yan'uwa ba su da rabo a cikin bikin. Tarihin Bingham da na Margaret Gowans yana koya mana cewa suna da rabo cikakke, gama gādon da aka ajiye mana a sama ba ya ruɓewa, ɓarawo kuma ba ya kai gare shi. Da yawa cikin iyayenmu da suka fara sujada a wannan wuri ba su ga wannan rana ba, kamar yadda Bingham bai ga tasa ba. Sun yi godiya tun girbi bai nuna ba, mu kuwa muna cin amfanin wahalarsu. Sauran mu mu riƙe abin da aka danƙa mana, mu koya wa 'ya'yanmu Maganar Allah, mu goyi bayan masu kai bishara da addu'a da baiko, domin waɗanda za su yi bikin shekara 100 su tarar da bangaskiyar nan da rai.

Ga Allah Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, yabo da godiya su tabbata har abada. Amin.