William Trelease

William Trelease (22 ga Fabrairu, 1857 – 1 ga Janairu, 1945) masanin tsirrai ne ɗan ƙasar Amurka. An haife shi a Mount Vernon da ke jihar New York, ya kammala Jami'ar Cornell a 1880. Ya shugabanci Lambun Tsirrai na Missouri daga 1889 zuwa 1912, sannan ya koyar a Jami'ar Illinois.

A 1918 ya wallafa littafin Winter Botany. Da hunturu itatuwan can da yawa kan zubar da ganye kaf, ba fure ba 'ya'ya, sai gane su ya yi wuya. Littafin ya nuna yadda ake bambance su ta toho, da tabon da ganye ya bari a reshe, har da totuwar cikin reshen. Ya rasu a garin Urbana.