Paul Storr, Maƙerin Farin Landan

Maƙeran fari na Ingila sun gaji wata doka tun kaka da kakanni: ba a sayar da kayan azurfa sai hukumar sana'ar ta auna ingancinsu ta buga hatimi, maƙerin kuma ya buga nasa tambarin. Da irin wannan tambari, wato harufan P.S., ake gane aikin Paul Storr har yau.

An haifi Storr a Landan cikin shekarar 1770. Mahaifinsa, Thomas, mai yi wa azurfa zane ne kafin ya koma riƙon masauki. Storr ya koyi ƙira a hannun Andrew Fogelberg, mutumin Suwidin, ya kuma yi rajistar tambarinsa na farko a 1792. Bai kai shekara talatin ba ya ƙera wa Duke na Portland wani kwanon baftisma na zinariya, wanda yanzu yake ajiye a British Museum.

A 1807 ya shiga kamfanin Rundell da Bridge, masu yi wa gidan sarautar Ingila aiki, aka damƙa masa maƙerarsu. Ko da yake a nan sunansa ya fi ɗaukaka, aikin ya zama na sarrafa zanen da wasu suka tsara, da duba ɗimbin ma'aikata. Saboda haka a 1819 ya fita ya kafa tasa maƙerar.

To amma iya ƙira daban, iya ciniki daban. Kantin da suka buɗe da John Mortimer a 1822 ya sha fama da ƙarancin kuɗi, har sai da John Samuel Hunt ya kawo jari a 1826. Shi Hunt ɗin nan dangin matar Storr ne, Elizabeth Beyer, wadda gidansu maƙera fiyano ne, ya kuma daɗe yana aiki a ƙarƙashinsa. Storr ya haifi 'ya'ya goma, amma ɗansa Francis, wanda ya fara koyon sana'ar, ya bar ta ya zama malamin coci. Ta haka ne gadon maƙerar ya karkata zuwa ɗakin surukai.

Storr ya ajiye aiki a 1838, ya koma Tooting, inda ya rasu a 1844. Kafin rasuwarsa an riga an cire sunansa daga kamfanin, wanda ya koma Hunt da Roskell.