Marigayi Walter Reuther, Jagoran Ma'aikatan Ƙera Motoci Na Amurka

An haifi Walter Reuther ran 1 ga watan Satumba na shekarar 1907 a garin Wheeling, cikin Jihar West Virginia ta Amurka. Mahaifinsa ɗan ƙwadago ne da ya yi ƙaura daga Jamus. A shekarar 1927 Walter ya tafi birnin Detroit, cibiyar ƙera motoci, inda ya kama aiki a kamfanin Ford. Daga bisani shi da ƙanensa Victor suka yi kusan shekara biyu suna aiki a masana'antar motoci ta Gorky a Tarayyar Sobiyat.

Da ya komo gida sai ya duƙufa ga kafa ƙungiyar ma'aikatan motoci, wato UAW. Ran 26 ga watan Mayu na 1937 'yan tsaron Ford suka yi masa dukan kawo wuƙa a bakin masana'antar River Rouge saboda rarraba takardun ƙungiya. Hotunan da jaridu suka buga sun zubar da mutuncin kamfanin, amma sai a 1941 ya amince da ƙungiyar.

Abin da ya bambanta Reuther da sauran shugabannin ƙwadago ya bayyana ne a yajin aikin da ya jagoranta a General Motors daga ƙarshen 1945, wanda ya ɗauki kwana 113. Ya nemi ƙarin albashi na kashi 30 cikin ɗari ba tare da an ƙara wa mota kuɗi ba, kuma ya ƙalubalanci kamfanin da ya buɗe littattafan lissafinsa idan har yana cewa ba zai iya ba. Kamfanin ya ƙi sam. Ma'aikata sun sami ƙari, amma maganar farashi ta tsaya a hannun masu kamfani. A 1946 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar, kuma a 1948 wani ya harbe shi ta tagar gidansa, ya ragargaza masa hannun dama.

Yarjejeniyar shekara biyar da ya ƙulla da General Motors a 1950 ta ba ma'aikata fansho, da taimakon kuɗin asibiti, da ƙarin albashi gwargwadon tsadar rayuwa. Su kuwa suka bar wa kamfani ikon yanke shawara a kan irin motar da za a ƙera. Lebura ya mallaki gida, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Sai dai nauyin fansho da magani ya hau kan kowace mota, alhali a Jamus da Japan tsarin ƙasa ne ke ɗauke da kaso mai yawa na wannan nauyi. Reuther kansa ya fi son gwamnati ta ɗauka.

Masu ɗora wa ƙungiyar laifin durƙushewar Detroit sukan manta cewa tun 1949 ta yi kira da a ƙera ƙaramar mota mai araha, manyan kamfanoni suka yi biris. To, amma su ma masu kare shi ba za su musa cewa alkawuran da aka gina a kan zamanin da babu abokin gasa sun zama jidali daga baya ba.

Reuther ya rasu tare da matarsa a haɗarin jirgin sama a Jihar Michigan ran 9 ga watan Mayu na 1970. Shekara uku bayan haka farashin mai ya tashi, ƙananan motocin Japan suka sami shiga kasuwar Amurka. A 2009 General Motors da Chrysler suka karye, sai da gwamnati ta tallafe su.