William Wilberforce: Mai Bi Wanda Bai Guje wa Majalisa Ba

An haifi William Wilberforce ranar 24 ga Agusta, 1759, a garin Hull na ƙasar Ingila, cikin gidan attajirai. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, a shekarar 1780 kuwa mutanen Hull suka zaɓe shi ɗan majalisa, yana da shekara 21 kacal. A lokacin bai san Ubangiji ba. Ya kashe kuɗi masu yawa wajen neman ƙuri'a, kamar yadda aka saba a zamanin, ya kuma ba da ransa ga caca da shagali.

A shekarar 1785 ya tuba, ya karɓi Yesu. Nan da nan sai siyasa ta fita daga ransa, yana ganin ba wurin mai bi ba ne. Ya je neman shawara wurin John Newton, wanda a dā yake shugabantar jirgin dakon bayi kafin ya zama fasto. Newton ya shawarce shi kada ya bar majalisa, ya tsaya ya bauta wa Allah a inda yake. Ya kuwa ji shawarar.

Daga 1787 ya ɗauki nauyin yaƙi da cinikin bayi, wanda ke kwashe dubban 'yan Afirka kowace shekara zuwa gonakin rake a hayin teku. Thomas Clarkson ya bi tashoshin jiragen ruwa yana tattara shaida, shi kuma Wilberforce yana kai ta gaban majalisa. Amma masu cin ribar cinikin suna da ƙarfi. A 1791 aka ka da ƙudurinsa da ƙuri'a 163, nasa 88.

Abin da ya fi yi masa ciwo ya faru ne a 1796. A wannan karo ƙudurin ya faɗi da ratar ƙuri'a huɗu kawai, domin waɗansu magoya bayansa sun tafi kallon wasa a daren, ba su zo majalisa ba. Ba maƙiya ne suka ka da shi ba, masoya ne da suka ɗauka rashin mutum ɗaya ba zai hana kome ba. Aka ƙara shekara 11 jirage suna dakon mutane.

Duk da yawan rashin lafiya, bai karaya ba. Talakawa ma ba su zauna ba. Yawancin maza a Ingila ba su da ikon jefa ƙuri'a a lokacin, mata kuwa ko ɗaya, amma suka riƙa sa hannu a takardun koke zuwa majalisa, iyalai da yawa kuma suka daina shan sukarin da bayi suka noma. A watan Fabrairu na 1807 majalisa ta amince a hana cinikin, da ƙuri'a 283, masu ƙi 16. Wilberforce ya zauna a kujerarsa yana zub da hawaye.

Amfanin wannan ƙuri'a ya iso Nijeriya. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare wani jirgin bayi, suka kai mutanen cikinsa Saliyo. A cikinsu akwai wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi, wanda ya zama Bishop Samuel Ajayi Crowther a 1864, ya kuma kai bishara garuruwan bakin kogin Kwara ƙarƙashin ƙungiyar CMS, wadda Wilberforce yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1799.

Ya bar majalisa a 1825. Ya rasu ranar 29 ga Yuli, 1833, kwana uku bayan ya sami labari cewa dokar 'yanta bayi a yankunan mulkin Ingila za ta tabbata.

Tsarin mulkin Nijeriya ya ba duk ɗan ƙasa mai shekara 18 ikon yin rajista da jefa ƙuri'a, ikon da masu koken Ingila ba su samu ba. Ɗaliban da ke gab da gama sakandare, da matasan ikkilisiya, sun kusa shekarun Wilberforce sa'ad da ya shiga majalisa. Ya kamata iyaye da fastoci su ba su irin shawarar Newton, su kuma tuna musu da daren 1796, domin kujerar da mai gaskiya ya bari ba ta zama wofi, wani ne yake hawa.