Jagadish Chandra Bose: Malamin Da Ya Ƙi Karɓar Albashi Shekara Uku

'Yan uwana ɗalibai, ni dai ban san wannan bawan Allah ba sai a wannan semestar ta ƙarshe. Malamin da ke duba firojet ɗina ne ya miƙo mini wata takarda a kan igiyoyin terahaz, ya ce in je in karanta. Wallahi na yi kwana biyu ina jujjuya ta. Abin da na iya tsinta shi ne, terahaz ɗaya na nufin igiya ta kaɗa sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, tsawon zangonta kuwa milimita 0.3 kacal. Masana kan harba hasken leza mai ɗan gajeren lokaci a kan wani kiristal, sai ya fitar da wannan igiya, su kuma su doki wani kiristal ɗin da ita don su ga yadda ƙwayoyin cikinsa ke girgiza. Da na bi salsalar abin baya-baya, sai na faɗa kan wani Ba'indiye da ya yi irin wannan tunani tun kafin rediyo ta shiga gidan kowa.

An haifi Bose ranar 30 ga Nuwamba, 1858, a yankin Bengal, ɓangaren da yau yake cikin Bangaladash. Mahaifinsa babban ma'aikacin gwamnati ne, amma ya ƙi fara sa shi a makarantar Turanci, ya kai shi ta harshen Bengali inda ya zauna da 'ya'yan masunta da manoma. Daga baya ya yi kwalejin St. Xavier a Kalkata, ya tafi Landan karatun likita, rashin lafiya ta sa ya bari. Sai ya koma Kambirij ya karanta kimiyya, ya gama a 1884. Cikin malamansa har da Lord Rayleigh.

A 1885 aka ɗauke shi koyar da fizis a kwalejin Presidency da ke Kalkata, a nan ne fa labarin ya taɓa ni. Lokacin mulkin mallakar Ingila ne, kuma ɗan ƙasa kashi biyu cikin uku na albashin Bature yake samu, ko da takardunsu ɗaya. Shi Bose da yake na wucin gadi aka ɗauke shi, sai aka ƙara raba wannan gida biyu. Kun ga ke nan kashi ɗaya cikin uku. Bai yi zanga-zanga ba, bai daina shiga aji ba. Albashin kawai ya ƙi karɓa, har shekara uku, alhali gidansu na fama da bashi, ga shi ya yi aure a 1887. Daga ƙarshe hukuma ta sauko, ta tabbatar da shi a aiki, ta biya shi cikakken kuɗinsa na baya. Duk wanda ya taɓa jin yadda ake fifita mai digiri a kan mai babbar difloma a wurin aiki, ai ba sai na yi masa dogon bayani ba. Sai dai in faɗi gaskiya, ni ban san ko zan iya wata uku ba.

Bincikensa ya fara gadan-gadan a 1894, shekarar da Heinrich Hertz ya rasu. Kwalejin ba ta da ɗakin gwaje-gwaje na kirki. Wani ɗan ƙuƙutun ɗaki ya samu, da wani maƙerin gwangwani da ya koya wa aiki, da kuɗin aljihunsa. Igiyoyin Hertz dogaye ne, suna son fili da manyan kaya, don haka Bose ya yi ta rage zangon har ya kai milimita 5, wato gigahaz 60. Ku tuna gajeren zangon da iyayenmu ke kamo labarai da shi ana lissafa shi ne da mita, kamar 19 ko 25. A babban ɗakin taro na Kalkata ya aika igiyar ta ratsa bango, ta kaɗa ƙararrawa, ta kuma tayar da albarushi, ba tare da waya ba.

Amma shi ba aika saƙo ne ya dame shi ba. So yake ya nuna cewa wannan igiya da ido ba ya gani haske ce, kuma za a iya leƙa cikin abu da ita. Takardarsa ta farko a 1895 a kan kiristal take, irin waɗanda ke raba haske gida biyu, ya nuna suna yi wa igiyarsa haka nan. Abin da ya fi burge ni kayan aikinsa. Ya ɗauki wani ƙaton littafin jadawalin jiragen ƙasa ya mai da shi matata: igiyar da ke kaɗawa ta wata fuska ta wuce tsakanin shafukan, ta ɗaya fuskar kuma ta maƙale. Ya murɗa zaren da ake saƙa buhun algarara, ya nuna murɗin na juya fuskar igiyar. A Janairun 1897 ya nuna aikinsa a gaban manyan masanan Landan.

Sai kuma na'urarsa ta kamo igiya. Tsinin ƙarfe ne ake ɗorawa a kan dutsen galena, kuma galena ɗin nan shi ne dutse mai ƙyalli da ake niƙa kwalli da shi. A mahaɗar, wutar da ke wucewa ba ta tafiya daidai wa daida da ƙarfin da aka tura, wato dai kakan dayod ɗin da muke ƙonawa a firaktikal. Abokansa ne suka matsa masa ya yi rajistar mallakarta a Amurka, aka ba shi a 1904, ya bar ta ta mutu don ba ya son kasuwanci da ilimi. Marconi kuwa ya yi rajista, ya kafa kamfani, ya samu kyautar Nobel a 1909. A nan ni ban goyi bayan Bose ɗari bisa ɗari ba. Da ya riƙe haƙƙinsa, da kuɗin sun sayo wa ɗalibansa kayan aiki.

Daga wajen 1900 ya karkata ga tsirrai, ya ƙera na'urar da ke nuna girman tsiro ninki 10,000. Wasu masanan Ingila sun yi masa ca, suna ganin ya shiga gonar da ba tasa ba, kuma a ganina akwai wuraren da ya ɗan zarce. Ya kafa cibiyar bincike mai sunansa a Kalkata a 1917, aka zaɓe shi cikin Royal Society a 1920. Ya rasu ranar 23 ga Nuwamba, 1937, a garin Giridih, saura mako ɗaya ya cika shekara 79.

Makon jiya na sayo ɗanyen kwalli a kasuwa, na samo allura da mitar awon wuta a aro. Na fi awa ɗaya ina tsikarin dutsen wuri-wuri, ina juya wayoyin. Can sai mitar ta nuna gefe ɗaya ya fi ɗaya wuce wuta. Na ɗago in kira abokin ɗakina ya gani, hannuna ya motsa, allurar ta zame. Har yau ban sake samun wurin ba.